Dakarun Jini Da Bangon Jijiya: Abin Da Ke Aukuwa A Ciwon Sefsis

Ran 3 ga watan Yuni na shekara ta 2016 Allah ya yi wa shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali rasuwa a wani asibiti na jihar Arizona ta ƙasar Amurka, yana da shekara 74 a duniya. Da yawa daga cikin waɗanda suka ji labarin sun ɗauka ciwon makyarkyata da ya yi fama da shi shekara talatin da 'yan kai ne ya zama ajalinsa. Amma mai magana da yawun iyalinsa ya bayyana cewa an kwantar da shi ne da ciwon numfashi, daga nan jiki ya rikice, sassansa suka yi ta sarewa ɗaya bayan ɗaya. Sunan wannan hali a bakin likitoci shi ne sefsis, mutane kuwa sukan ce gubar jini, ko kuwa su ce ciwo ya shiga jini.

Ba manyan mutane kaɗai yake ɗauka ba. Wani lissafi da aka buga cikin mujallar likitoci ta Lancet a 2020 ya ƙiyasta cewa a shekara ta 2017 kaɗai mutum miliyan 48.9 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka mutu, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar da suka rasu a wannan shekara. Kimanin miliyan 20 daga cikin waɗanda suka kamu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa nauyi. A wannan shekara ce babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan ciwon, ana kuma tunawa da shi ran 13 ga watan Satumba na kowace shekara.

To, sunan nan na gubar jini yana da ɗan ruɗi a cikinsa. Mai jin sa zai zaci ƙwayar cuta ce ta shiga jini ta zuba dafi, dafin ya kashe mutum. Ƙwayar cutar dai ita ce mafari, ko shakka babu, ko daga huhu ta taso, ko daga mafitsara, ko hanji, ko mahaifar mai jego, ko cibiyar jariri, ko wani gyambo da aka raina. Sai dai mafi yawan ɓarnar ba da hannunta take yi ba. Fassarar da masana suka tsaya a kai a 2016 ta ce sefsis lalacewar sassan jiki ce mai iya kisa, wadda ke aukuwa sa'ad da martanin da jiki ke mayar wa ƙwayar cuta ya wuce gona da iri. Wanda ke so ya gane yadda jiki ke cutar da kansa haka, wajibi ne ya leƙa cikin ƙananan jijiyoyin jini ya ga wani abu guda da ke gudana a can, watau yadda fararen ƙwayoyin jini ke maƙale wa bango.

A cikin ɗigon jini da bai fi kan allura ba akwai jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 5, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000 ne kacal. Jajayen su ne 'yan dako, masu kai iska sassan jiki. Fararen su ne dakaru, kuma kashi-kashi suke. Kashin da ya fi yawa, wanda yakan kai rabi ko fiye a jinin baligi, shi ne ake kira nutirofil. Ɓargon mutum ɗaya yakan ƙera kimanin biliyan 100 nasu a kowace rana, domin rayuwarsu gajera ce ƙwarai, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da ƙunshin magungunan da ke narka ƙwayar cuta. Mugunyar da ke fitowa daga maruru, mafi yawanta gawawwakin waɗannan dakaru ne da suka mutu a fagen fama.

A nan ne tambayar take. Idan ƙaya ta soki manomi a tafin ƙafa, ƙwayoyin cuta suna cikin tsoka ne, dakarun kuwa suna cikin jijiya, jini na gudu da su kamar yadda ambaliya ke gudu da kara. Ba su da ido, ba su da kunne, jijiyar kuma ba ta da ƙofa. Yaya za a yi ƙwaya guda ta san ta iso daidai wurin da ake bukatarta, ta ci birki a tsakiyar wannan gudu, ta keta bango ta fita, kuma jini bai biyo ta ba?

Wanda ya fara bayyana amsar yadda duniya ta gamsu shi ne wani likitan Jamus mai suna Julius Cohnheim, a birnin Balin, cikin shekara ta 1867. Malaminsa, Rudolf Virchow, wanda a zamanin maganarsa yankan wuƙa ce a fannin sanin cututtuka, yana koyar da cewa ƙwayoyin mugunya a nan wurin ciwon ake haifar su. Cohnheim ya ɗauki kwaɗo mai rai, ya shimfiɗa siririyar tantanin da ke riƙe da hanjinsa a ƙarƙashin madubin likita, ya zauna yana kallo sa'o'i. Sai ya ga jijiyoyi sun buɗe, gudun jini ya ragu, fararen ƙwayoyi sun koma gefe sun jeru a jikin bango, wasu na mirginawa a hankali, wasu sun tsaya cik. Can sai ya ga ɗan tsiro ya ɓullo a bayan bangon, yana girma, har ƙwaya sukutum ta fito waje. Almajiri ya kada malaminsa ke nan. Wani Bature na Ingila, Augustus Waller, ya riga ya ga irin wannan a harshen kwaɗo tun 1846, sai dai ba a kula da maganarsa ba. Shekara 15 bayan aikin Cohnheim, a 1882, wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, ya nuna a garin Messina na Italiya abin da irin waɗannan ƙwayoyi ke fita yi: ya soka ƙaya a jikin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro, da gari ya waye ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Ashe yaƙi suke fita.

Cohnheim ya yi hasashen cewa wani abu ne ke sauyawa a jikin bangon jijiyar kanta, amma bai iya nuna ko mene ne ba. Sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin a gano. Kowace jijiyar jini, daga babbar da ke fita daga zuciya har zuwa wadda ta fi gashi siranta, an yi mata daɓe daga ciki da wasu ƙwayoyi masu faɗi, shimfiɗa ɗaya tak. An daɗe ana ɗaukar wannan daɓe a matsayin abu maras aiki, amfaninsa kawai santsi. A 1985 wasu masana a birnin Boston na Amurka, Michael Bevilacqua da Michael Gimbrone da abokan aikinsu, suka raini ƙwayoyin daɓen nan a cikin kwano, waɗanda suka samo daga jijiyar mabiyiya bayan haihuwa. Suka zuba musu wani sinadari da jiki ke fitarwa idan ya ji ƙwayar cuta, suka jira 'yan sa'o'i, sai ga daɓen da fararen ƙwayoyi ke zamewa a kansa ya koma yana kama su kamar danƙo. Bangon ne ke kira, watau, ba dakarun ne ke lalube ba. Zuwa 1991 ayyukan Timothy Springer da Michael Lawrence, da na Eugene Butcher da mutanensa, sun nuna cewa kamun nan hawa-hawa ne, kuma in hawa ɗaya bai cika ba na gaba ba ya yiwuwa.

Ga yadda abin yake. A cikin tsoka akwai wasu ƙwayoyin tsaro da ke zaune dindindin, ba sa yawo. Da zarar sun ji ɗanɗanon ɓawon ƙwayar cuta sai su saki sinadaran gangami, manyansu su ne waɗanda ake kira TNF da IL-1. Gangamin yakan isa ga ƙananan jijiyoyin da ke kusa, musamman waɗanda ke tattara jini su fara mayar da shi zuciya, inda gudu ya yi sauƙi, inda kuma jajayen ƙwayoyi kan taru a tsakiya su ingiza farare gefe. Nan take daɓen yakan fito da wasu ƙananan ƙugiyoyi da ake kira selektin. Iri ɗaya, selektin P, a ajiye yake cikin wasu 'yan jakunkuna a cikin ƙwayar daɓen, waɗanda Ewald Weibel da George Palade suka gano a 1964, saboda haka cikin mintoci yake fitowa. Ɗayan, selektin E, sai an ƙera shi sabo, yakan ɗauki sa'a huɗu zuwa shida kafin ya kai ganiyarsa.

Duk wanda ya taɓa ratsa daji da wando mai kauri ya san ƙarangiya. Ba ta hana mutum tafiya, amma tana kamawa. Haka selektin yake: yakan cafki wasu zarurrukan sukari da ke jikin farar ƙwaya, jini ya fizge ta, kamun ya kwance, wani ya sake cafkewa a gaba. Kamu da saki, kamu da saki, sai ƙwayar ta koma mirginawa a jikin bango, gudunta ya ragu ninkin ba ninkin. Wani abin mamaki da aka tabbatar a 2003 shi ne, kamun nan yakan ƙara ƙarfi idan an ja shi, har zuwa wani matsayi, tamkar zarge da ke ƙara shaƙewa idan akuya ta fizga. Shi ya sa gudun jinin, wanda ake zaton zai ɓata aikin, yake taimaka masa.

Mirginawar nan ita ce ke ba ƙwayar damar sansana bango. Idan akwai ciwo a kusa, daɓen yakan rataya wasu sinadarai a fuskarsa masu nuna hanya, sanannensu shi ne IL-8. Da ƙwayar ta ji su, cikin abin da bai kai daƙiƙa ba, sai wasu manyan ƙugiyoyi na jikinta, waɗanda ake kira intagirin, su miƙe. Kafin nan a lanƙwashe suke kamar wuƙar aljihu da aka naɗe, ba sa kama kome. Da sun miƙe sai su sarƙe da abokin kamunsu da ke jikin bango, mai suna ICAM-1, wanda aka gano a 1986. Wannan kamu ba irin na ƙarangiya ba ne, na tsayawa ne. Ƙwayar sai ta baje jikinta, ta yi rarrafe a kan daɓen tana neman mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyinsa, ta sa kai ta matse ta wuce cikin 'yan mintoci, mahaɗar ta rufe a bayanta. Kumburi da zafi da ja da ake gani a gefen maruru alamar wannan zirga-zirga ce. Ciwo ne, amma ciwon alheri, domin a unguwa ɗaya aka yi gangami kuma a nan yaƙin ya tsaya.

Wanda ke shakkar darajar wannan maƙalewa ya dubi yaran da aka haifa ba su da ita. Akwai wani ciwon gado, wanda ba safai ake ganinsa ba, inda intagirin ɗin ba ya ƙeruwa daidai. Alamar farko a wurin irin wannan jariri ita ce cibiyarsa ta ƙi faɗuwa, ta wuce makonni, domin fararen ƙwayoyi na cikin masu aikin raba busasshiyar cibiya da jiki. In an auna jininsa sai a tarar fararen ƙwayoyi sun yi yawa fiye da kima, amma gyambonsa ba ya mugunya kuma ba ya warkewa. Dakaru cike da hanya, ba mai iya sauka. Masu nau'i mai tsanani, in ba a yi musu dashen ɓargo ba, da yawa ba sa wuce ƙuruciya.

To, mai karatu ya riƙe wannan hoto, sa'an nan ya ƙaddara cewa gangamin bai tsaya a unguwa ɗaya ba. Ƙwayoyin cutar sun yi yawa, ko ɓawonsu ya shiga jini, TNF da IL-1 sun bi jini sun zaga ko'ina. Jijiyoyin huhu da na ƙoda da na hanta da na ƙwaƙwalwa, waɗanda ba abin da ya same su, duk sun ji kira, duk sun fito da ƙugiyoyinsu. Su kuma fararen ƙwayoyin tun suna tsakiyar jini aka zuga su, wuƙaƙensu a buɗe. Sefsis ke nan.

Akwai wata kariya da daɓen ke da ita wadda ba a san muhimmancinta ba sai a 'yan shekarun nan. Fuskarsa lulluɓe take da wani laushin gashi na sukari, mai yauƙi, wanda tsawonsa ya fi na ƙugiyoyin, saboda haka a lokacin lafiya yana ɓoye su, kamar yadda ciyawa ke rufe turaku a fili. A 2012 Eric Schmidt da abokan aikinsa suka nuna a huhun ɓeraye cewa gangamin sefsis yakan sa daɓen ya fitar da wani sinadari da ke aske wannan gashi. Da an aske shi sai ƙugiyoyin su fito fili, kamu ya yi sauƙi, bangon kuma ya fara yoyo. A jinin majinyata masu sefsis ana samun gutsattsarin gashin nan yana yawo, kuma yawansa yakan tafi tare da tsananin ciwon.

Huhu ne yakan fara ɗanɗana kuɗarsa, dalili kuwa a fili yake. Dukan jinin jiki, kimanin lita biyar, yana ratsa huhu kusan kowane minti ɗaya, kuma da yawa daga cikin 'yan jijiyoyin da ke kewaye da buhunan iska sun fi nutirofil ƙanƙanta. Ko a lokacin lafiya sai ta lanƙwashe jikinta ta yi tsawo kafin ta wuce. A 1989 aka nuna cewa idan an zuga ta takan sandare, ta ƙi lanƙwasuwa. A nan ba ta ma bukatar mirginawa: cushewa take yi kurum, kamar babbar mota a lungu, na baya su taru a kanta. A hanta kuma wata dabara ce dabam, domin Paul Kubes da mutanensa a birnin Calgary na Kanada sun nuna a 2008 cewa a can ƙwayar tana kama wani sukari ne mai yauƙi da ke jikin bangon, da wata ƙugiya mai suna CD44. Kowane sashe na jiki, ashe, da irin kamunsa. Wannan batu zai sake tasowa idan an zo maganar magani.

Soja ɗauke da makami, an zuga shi, an tsare shi a lungu, ga shi babu abokin gaba a gabansa. Abin da nutirofil ke yi a wannan hali shi ne ta juye ƙunshinta a inda take. Magungunan da aka tanada domin narka ƙwayar cuta sai su ci daɓen, mahaɗai su ɓalle, ruwan jini ya tsiyaye cikin tsoka. A huhu ruwan yakan cika buhunan iska, majinyaci ya riƙa haki kamar wanda ke nutsewa alhali yana kwance a kan gado. A sauran jiki kuwa, ruwa ya fice daga jijiyoyi, jijiyoyin kuma sun saki, sai awon jini ya faɗi ƙasa.

Ba a nan ta tsaya ba. A 2004 masana a birnin Balin, Volker Brinkmann da Arturo Zychlinsky, suka gano cewa nutirofil tana iya warware zaren gadon da ke cikin cibiyarta ta watsa shi waje kamar koma, domin ta kama ƙwayoyin cuta. A 2007 aka nuna cewa a jinin mai sefsis ƙananan ƙwayoyin nan masu daskarar da jini sukan hau kan nutirofil da ta maƙale su sa ta jefa komar a cikin jijiya. Komar tana kama ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma tana kama jajayen ƙwayoyi ma, jini ya daskare a kanta. Dubban 'yan jijiyoyi sukan toshe, na kusa da su jini na wucewa a guje ba ya sauke kaya. Ƙoda ta rasa iska, fitsari ya ɗauke. Ƙwaƙwalwa ta rasa, mutum ya fara sambatu. Idan abin ya yi nisa kayan daskarar da jinin sukan ƙare gaba ɗaya, sai a ga mutum ɗaya jininsa na daskarewa a ciki yana kuma zuba ta dasashi da gurbin allura.

Abin takaici mafi girma shi ne, a can inda ƙwayar cutar take, dakaru ba sa isa. Fernando Cunha da abokan aikinsa na Jami'ar Sao Paulo ta ƙasar Barazil sun shafe shekaru suna nuna cewa a sefsis mai tsanani nutirofil takan janye hancin da take sansana hanya da shi ta mayar ciki, saboda ƙamshin ya cika ko'ina, ba ta iya bambanta gabas da yamma. Wannan ne ma ya sa awon jinin mai sefsis ke iya nuna fararen ƙwayoyi sun yi sama ƙwarai, ko kuwa sun yi ƙasa ƙwarai. Na biyun ya fi tsoratar da likita: ba su ɓace ba ne, suna manne a bango inda allurar ɗibar jini ba ta kai wa gare su.

Mai hankali zai ce, tun da an san ƙugiyoyin har da sunayensu, me zai hana a toshe su? An gwada, an kuma kashe dukiya mai yawa. An yi magungunan da ke tare TNF, a ɓeraye suka yi aiki, a mutane suka gaza, har wani gwaji da aka buga a 1996 ya nuna waɗanda aka ba mai yawa sun fi mutuwa. Wani magani mai suna Xigris ya sami izni a Amurka a 2001, aka yi ta murna, a 2011 aka janye shi daga kasuwa bayan sabon gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa. A 2014 wani likitan Kanada, John Marshall, ya ƙirga gwaje-gwaje fiye da 100 da aka yi domin sassauta martanin jiki a sefsis, babu wanda ya bar magani mai ɗorewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ga wanda ya bi bayanin da ya gabata. Kamun huhu dabam, na hanta dabam, toshe ɗaya ba ya kwance ɗaya. Ɓeran gwaji akan ba shi magani kafin ciwo ko da farawarsa, ɗan Adam kuwa sai ya kwana biyu yake zuwa. Uwa uba, wanda ya hana maƙalewa ɗungum ya mayar da majinyaci irin jaririn nan da cibiyarsa ta ƙi faɗuwa, a daidai lokacin da ƙwayar cuta ke cikin jikinsa.

Maganar ƙugiyoyin nan ta shafi Nijeriya ta wata fuska kuma. A ciwon sikila, wanda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu shi, selektin P yana cikin abin da ke sa ƙwayoyin jini su manne wa bango su toshe hanya, ciwon ƙashi ya tashi. An yi maganin da ke toshe shi, mai suna Adakveo, Amurka ta amince da shi a 2019, amma Tarayyar Turai ta soke izninsa a 2023 bayan wani gwaji bai nuna amfaninsa ba. Mai sikila kuwa saifarsa takan lalace tun yana ƙarami, ita ce kuma matatar da ke cire wasu ƙwayoyin cuta daga jini, saboda haka zazzaɓi a jikin irin wannan yaro ba abin jira ba ne ko na dare ɗaya. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ma, jajayen ƙwayoyin da cutar ta shiga sukan kama ICAM-1 ɗin nan a jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Tun da babu maganin da ke kwance kamun, abin da ya rage a hannun likita shi ne ya kashe ƙwayar cutar da wuri domin gangamin ya lafa, ya fitar da mugunya ko abin da ya ruɓe, ya tallafi huhu da iskar oksijin, ya riƙe awon jini, har daɓen ya gyara kansa. Wani bincike da Anand Kumar ya jagoranta, wanda aka buga a 2006, ya duba majinyata fiye da 2,000 da awon jininsu ya riga ya faɗi, ya tarar kowace sa'a da aka yi jinkirin ba da maganin da ya dace tana rage damar rayuwa da kimanin kashi 7.6 cikin 100. Kalmar "da ya dace" tana da nauyi a nan. Binciken da Jami'ar Cardiff ta jagoranta daga 2015 zuwa 2018 a ƙasashe bakwai, ciki har da asibitoci a Kano da Abuja, ya tarar ƙwayar da ake kira Klebsiella ce kan gaba wajen jawo wa jarirai sefsis, kuma da yawan ƙwayoyin da aka samu ba sa jin magungunan da aka saba farawa da su. Kafso biyu da aka saya a kemis ba tare da awo ba sukan rufe alamu ne kurum su cinye lokaci.

Haka nan ƙarin ruwa, wanda jama'a suka ɗauka maganin kowace kasala ne har ana kiran mai sa shi gida. A wani gwaji da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, wanda aka buga a 2011, waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin kwana biyu, kimanin kashi 10.5 cikin 100, a kan kashi 7.3 na waɗanda ba a yi wa haka ba. Sakamakon ya girgiza likitocin da suka shirya gwajin su kansu. Ruwa yana da wurinsa a jinyar sefsis, amma da awo, a ƙarƙashin idon wanda ya san aikin.

Alamun da ke nuna kamun ya fara yaɗuwa ba sa bukatar na'ura. Baligi mai wani ciwo a jiki, in ya fara ruɗewa ko yawan barci, numfashinsa ya kai 22 a minti ko fiye, fitsari ya ragu ƙwarai, hannu da ƙafa suka yi sanyi, to asibiti za a nufa a wannan sa'a. Mai jego da ta yi zazzaɓi tare da ciwon mara ko fitar ruwa mai wari, ba zafin ruwan wanka ba ne, kada a jira a yi suna. Cibiyar jariri kuwa ƙofa ce buɗaɗɗiya zuwa jini: gashi da tsumma, da shafa toka ko man goge baki, duk hanyoyin shigar ƙwayar cuta ne, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2013 ga haihuwar gida a wuraren da mutuwar jarirai ta yi yawa shi ne man kulohezidin. Jariri sabon haihuwa sau da yawa ba ya zazzaɓi ko da ciwon ya kama shi, jikinsa ma yakan yi sanyi ne. Sai ya ƙi nono, ya yi laushi, ba ya motsi sai an taɓa shi, ƙirjinsa na lotsawa. Uwa ko kaka tana iya buɗe masa riga ta dubi agogo ta ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur, yana kwance ba ya kuka. In ya kai 60, a sake ƙirgawa, in ya sake kaiwa, a nemi abin hawa.